Sau Biyu a Bayan Rumbu

Ni 'yar fari ce. A irin gidajenmu, a wancan zamani, ma'anar wannan ita ce uwar da ta haife ki ba za ta kama sunanki ba, ba za ta dube ki ido cikin ido ba, ba za ta ɗauke ki a gaban mutane ba ko da kina tsala ihu kamar ana yanka ki. Kunya ake ce wa abin, kuma da ita ake yabon mace. Uwata kam ta sha yabo. An ce ranar da aka yaye ni ta miƙa ni ga tata uwar a Kalgo, ta kama hanyar ɗakin mijinta a Gwandu, ko waiwaye ba ta yi ba. Tsofaffin unguwarmu sukan ba ni wannan labari suna gyaɗa kai don sha'awa, ni kuwa ina tsaye ina jin kamar in fasa musu tulunan ruwansu.

Ba a koya mini in ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, kamar wata yayata ta nesa, ubana kuma Baffa. Ita kuwa in ta kama dole ta ambace ni, sai ta ce "ta Kalgo". Takan zo ganin gida bayan an yanke shinkafa, ta yi 'yan kwanaki, ta gaisa da kowa, har akuyar gidan sai ta shafa mata kai, ni kuwa ta wuce ni kamar turmi. Tun ina ƙarama tambaya ɗaya ke cina, ba ni da wanda zan yi wa ita. Shin matar nan tana sona, ko kuwa kunyar ta zo daidai ne da abin da ke ranta?

Kakata ce ta raine ni. Turara shinkafa take yi, ta shanya, ta sussuka, ni kuma in ɗauki talla. Tsohuwa ce mai baki, ga dariya, sai dai idanunta sun fara yin yana, hannuwanta kuma suna rawa har in tana shan fura rabi kan zube a zani. Mu biyu ne a ɗakin, kuma da haka muka zauna lafiya har shekarar da kirci ya kama ni. Ina jin ban wuce shekara tara ko goma ba. Turawa ba su tafi ba tukuna, amma maza sun fara maganar mulkin kai a bakin kasuwa.

Daga lanƙwasar gwiwar hannu ya fara, ya sauka bayan gwiwoyina, ya hau wuya, daga nan ya bazu a gadon bayana. Fatar ta yi kaushi, ta tsattsage, tana ɗan tsattsafo da ruwa. Ƙaiƙayin kuwa wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Nakan jingina da bangon ɗaki in yi ta gurza bayana kamar jaki. Kaka ba ta zauna ba. Ta jiƙa bagaruwa, ta yi mini wanka da ruwan sassaƙen maɗaci, ta kwaɓa farar wuta da man gyaɗa ta lafta mini, na yi tsallen da na kusa taɓa jinka. Kircin ko gezau.

Sai masu sayen shinkafa suka fara duban hannuna kafin su dubi mudu. Wata ta ce in ajiye ƙwaryar a ƙasa ta auna da kanta. Wata ta ce yau sun riga sun saya, alhali ina ganin tukunyarta wayam. A dandali ma haka. In ana gaɗa yarinya kan saki jiki ta faɗo ta baya ƙawayenta su cafe ta, ranar nan na saki jikina sai na ji ni tim a ƙasa, duk sun janye hannuwansu. Ba wanda ya furta kuturta a gabana, "babbar cuta" suke cewa ƙasa-ƙasa, amma ni ba kurma ba ce. Na daina zuwa dandali. Nakan tafi bakin fadama in zauna ina kallon masunta suna shanya koma, ina susa, har rana ta yi sanyi.

Labari ya kai Gwandu. Baffa ya zo da kansa, ya dube ni ta gefen ido, ya ce wa Kaka akwai malamin asibiti a garinsu da aka ce ya san ciwon fata. Kaka ta ɗaure mini 'yan tsummokarana, ta ce, "Tahi ki warke ki komo, ƙawata. Wa za ya riƙa ɓata mani rai in ba ki nan?" Ta yi dariya, amma ta riƙe wuyan hannuna ta daɗe ba ta saki ba, a daidai inda kowa ke ƙyama.

Gidanmu na Gwandu ban san shi ba sai a baki. Baffa mai ɗinkin riguna ne, yana wuni a zaure da allurarsa. A ciki akwai Adda da ƙannena uku da ba su san ni ba, ban san su ba. Da na yi sallama Adda tana tankaɗe. Ta amsa wa ƙofar, ba ni ba. Aka ware mini tabarmata, da ƙoƙon shan ruwana, da ɗan akushina. Ƙannena suna cin tuwo kwano ɗaya suna faɗa a kan ƙanzo, ni ina gefe da nawa tuwon, mai yawa kuwa, ba mai yi mini faɗa a kansa. In Adda tana son wani abu daga gare ni sai ta ce wa ƙanwata, "A ce ma ta Kalgo ta zaka ta ɗauki tuwonta," ko da ina zaune kusa da ita har ina jin numfashinta. A Kalgo aƙalla ina da Kaka. A nan ina ganin uwata daga safe har yamma, tana goya wannan, tana share wa wancan majina, tana tsefe kan waccan, ni ko inuwata ba ta takawa.

Ɗakin maganin ɗan gini ne mai rufin kwano, yana warin wani ruwan wanke ciwo da ke hawa kai. Malamin asibitin siririn mutum ne mai saurin magana. Ya sa na rufe ido, ya ɗauki ɗan auduga yana taɓa wuraren ciwon, yana tambaya ko na ji. Na ce na ji mana, har ma ya tayar mini da ƙaiƙayin. Ya juya ga Baffa.

"Wanga ba abin da kuke tsoro ba na. Mai waccan cuta ba shi jin taɓi. Kirci na, kuma ba a ɗauka tai. Ku bar ta ta ci da 'yan'uwanta."

Na ji Baffa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Daga nan malamin ya buɗe wani akwati ya ɗauko ɗan bututun dalma, irin na man goge baki na yanzu amma bai fi tsawon yatsa ba. Ya ce sabon magani ne, bai daɗe da fitowa a ƙasar Turawa ba, 'yan ƙalilan ne suka iso hannunsa. Ya riƙe shi a gaban hancin Baffa kamar mai karantar da yaro.

"Sau biyu ga yini, da sahe da marece. Ɗan kaɗan, a bi inda ciwon yake kaɗai, a shahwa sama-sama har shi ɓace cikin hwata. Ba man kitso ba na. In kunka ƙara ba shi ƙara mata lahiya, ƙarewa za shi yi, kuma ba ni da wani."

Da muka koma gida wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan danga ta ba da tata fatawar. Ta ce ai tunda alwala na wanke magani, hankali ya nuna a shafa bayan kowace salla. Baffa ya ce, "Iya, alwalar wa ka kai ga gadon baya?" Aka yi dariya, maganar ta mutu. Amma wata ta taso wadda ba ta dariya ba ce. Hannuwana da gwiwoyina zan iya shafa wa kaina, bayana fa? Ni mace ce, na fara tasawa, ba a sa uba. Ƙanwata ƙarama ce, in aka ba ta bututun sai ta matse shi duka a tashi ɗaya. Uwar Baffa ta rasu, yayarsa kuma, Gwaggo, tana aure a Dodoru. Mace ɗaya ce ta rage a gidan, kowa ya san ko wace ce, ba wanda ya dubi inda take.

Washegari bayan an gama shara ƙanwata ta zo ta ce an ce lokacin magani ya yi, in je bayan rumbu. Akwai wani ɗan lungu a can tsakanin rumbu da danga inda kaji ke fakewa, ba mai ganin mutum. Na je. Na sauke zanina zuwa ƙugu, na juya fuskata ga danga. Na ji takunta. Na ji ta tsuguna. Sai na ji wani abu mai laushi yana yawo a bayana, yana ba ni caƙulkuli. Na saci kallo ta ƙarƙashin hammata, sai ga gashin zabuwa a hannunta.

Wayyo, ranar na ji haushin da ban taɓa ji ba. Wato ta kwana tana tunani har ta samo hanyar da za ta yi mini magani ba tare da ta taɓa ni ba. Gaskiya da gashin tsuntsu ake shafa wa gyambo magani a ƙasarmu, ba wanda zai ce ta yi abin mamaki. Amma ni na san ba don haka ba ne. Na cije leɓe, na zuba wa danga ido, na ƙirga zabuwa cikin maƙiyana har abada.

Da mako ya zagayo muka koma. Malamin ya duba hannuwana inda nake shafawa da kaina, sun fara lafawa. Ya duba bayana, yana nan jiya i yau. Ya karɓi bututun ya ga ya yi rabi. Ya tambaye ni yadda ake shafawa, ni kuwa dama a cike nake, na faɗa masa tiryan-tiryan. Ya dafe kai.

"Zabuwa kunka yi ma magani ke nan! Gashi shi ka shanye shi. Da yatsa nic ce. Yatsan mutum, mai ɗumi, shi ka shigar da shi cikin jiki."

Na bi Baffa muka koma gida. Ya tsaya a ƙofar zaure ta ciki, ya dubi bishiyar darbejiyar tsakar gida, ya yi mata magana da ƙarfi yadda na madafa zai ji. Ya ce malamin asibiti ya ce gashi yana ɓata magani, da hannu za a shafa, umarni ne. Adda tana daka a lokacin. Taɓaryar ta tsaya a sama na ɗan lokaci, sa'an nan ta ci gaba.

Da la'asar na je bayan rumbu. Na ji tana wanke hannu a bakin randa, ta daɗe tana wankewa. Ta zo ta tsuguna. Maganin sanyi gare shi, ba shi da wani ƙamshi. Amma a bayan sanyin akwai yatsa, mai kaushin daka, mai ɗumi, yana bin ciwon a hankali daga wuya zuwa ƙasa. Tana warin hayaƙi da daddawa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na yi ƙoƙarin haɗiye su, kafaɗuna suka tona mini asiri. Yatsan ya tsaya. Ina jin ta zaci zafi maganin ke yi mini, don sai na ji ta matso da bakinta tana hura mini iska a wurin, kamar yadda take hura wa autanta kunu.

Daga ranar wunina ya zama abu biyu da dogon jira a tsakaninsu. Na safe yakan zo da wuri, ya wuce da wuri. Sai in zauna. An bar ni in ci da ƙannena yanzu, amma sun saba da junansu, wasanninsu ba nawa ba ne, maganata ma dariya take ba su, wai ina magana kamar masunta. 'Yan matan unguwa kuwa labarin babbar cuta ya riga ni isa kunnuwansu. Don haka nakan zauna a gindin darbejiya ina tsince wa Baffa zare, ina lura da inuwar rumbu. In ta miƙe ta taɓa turmi, to ladan ya kusa kiran la'asar, kuma bayan salla ƙanwata za ta zo da saƙonta. A tsakar gida Adda tana nan yadda take, ba kallo, ba suna. Wani lokaci har nakan yi shakkar ko matar bayan rumbu ita ce wannan.

Maganin kuwa yana aiki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ƙaiƙayin ya kwanta, tsagar ta rufe, ɓawon ya zube. Kowa yana hamdala ban da ni, don na san ranar da bayana ya warke ranar za a rufe lungun nan, a ɗora ni a mota a mai da ni Kalgo. Da muka koma wurin malamin na yi ƙarfin halin da ya sa Baffa ya zaro ido. Na ce, "Malam, in anka mai da shi sau ukku, ba ya hi saurin warkewa ba?"

Ya kwashe da dariya, ya ce tun da yake aiki bai taɓa ganin yaron da ya roƙi ƙarin magani ba. Sa'an nan ya gimtse fuska ya ce a'a. Magani ne mai ƙarfi, ba a wuce abin da aka ce, kuma ba a zarcewa da shi in ciwo ya kwanta. Ba ma ƙari ba, ragi za a yi. Daga yau sau ɗaya, da safe, in jan ya gama bajewa a daina gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne kada a bar fatar ta bushe, a riƙa shafa mata man kaɗe. Ya ce wannan kam ba ya bukatar gwaninta, ƙanwata ma tana iya lafta mini. Na fito ina tsine wa bakina da ya jawo mini. Baffa ya isar wa darbejiya saƙon kaf, har da maganar ƙanwata, bai rage komai ba.

Ran nan, da inuwa ta taɓa turmi, ba wanda ya kira ni, ban kuwa sa rai ba. Amma ƙafafuna suka kai ni bayan rumbu. Na zauna cikin kaji, na haɗa kai da gwiwa. Ban sauke zani ba, don me zan sauke? Can sai na ji ana wanke hannu a bakin randa. Na ji takun da na sani. Ta tsuguna a bayana tana jira, har na gane ni ake jira, na yi maza na sauke zanin. Yatsan ya sauka. Wannan karon ba sanyi, kuma hancina ya gaya mini abin da ke kansa tun kafin ya taɓa ni. Wanda ya tashi a ɗakin tsohuwa ba ya ɓatan warin man kaɗe.

Haka muka ci gaba. Da safe na bututu, da la'asar kaɗe. Ba ta ƙara ko ɗigon maganin a kan abin da aka ce ba, wannan na shaide ta. Da jan ya baje ta daina shi, har na ga ƙanwata tana wasa da bututun, an matse shi ya zama kamar ganye. Amma safe da yamma saƙon bai fasa zuwa ba: "A ce ma ta Kalgo lokacin magani ya yi." Baffa yana ji daga zaure, bai taɓa cewa wane magani ba. Ni ma na kama bakina gam. Bayana ya yi sumul, ban kuma taɓa jin daɗin zama a duniya kamar a makonnin nan ba, duk da ko kalma ɗaya ba ta shiga tsakaninmu.

Gwaggo ce ta ɓata. Ta zo daga Dodoru da la'asar da ƙullin dawa a ka, ba ta sami kowa a tsakar gida ba, ta bi kaji har bayan rumbu. Mace ce mai murya kamar ta maroƙi, ba ta da mugunta amma ba ta san inda ake tsayawa ba. Ta sauke kayanta, ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Mi ni ka gani? Ɗiyar hwari, da hannunki, rana tsaka? Ke da aka misali da ke dut garin ga?"

Adda ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da wata 'yar murya ta ce, "Malamin asibiti yac ce sau biyu."

Gwaggo ta jawo ni ta juya ni gaba da baya kamar mai sayen akuya. "Ina ciwon? Hwata sumul awa ƙwai!" Ta shinshina kafaɗata, ta ƙyalƙyale da dariya. "Tun yaushe maganin Turawa ka warin kaɗe?" Kafin ka ce haka kawunan maƙwabta sun jeru a kan danga, har da tsohuwar nan mai fatawa. Aka yi ta shewa. Ba zagi ba ne, tsokana ce irin ta dangin miji, amma ga mace irin Adda da a tsokane ta a kan wannan gara a mare ta. Ta shige ɗaki, ba ta fito ba har aka ci tuwo.

Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ina yi mata addu'a, amma ban ce na huce duka ba. Sai dai ko a lokacin, ina tsaye zani a ƙugu ana yi mana dariya, wani abu ya faɗo mini a rai. Matar nan da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, yau ta yi ta a gaban yayar mijinta, kuma saboda ni ta yi ta.

Washegari ba saƙo da safe, ba saƙo da la'asar. Jibi ma haka. Na zauna a gindin darbejiya ina kallon inuwa tana taɓa turmi tana wucewa. A rana ta uku Baffa ya ce tunda an samu lafiya, kuma tsohuwa tana can ita kaɗai, gobe in Allah ya kai mu akwai motar da za ta bi ta Birnin Kebbi.

Da safe na ɗaure kayana. Baffa yana zaure yana jira. Na san ba za ta rako ni ko ƙofar ɗaki ba, ba a yi. Har na ɗora ƙullin a ka sai ƙanwata ta jawo mini zani, ta raɗa mini cewa an ce in je. Na ajiye kayan na ruga. Tana can ta riga ni, a tsugune, tana duban rumbu. Na juya, na sauke zani. Na jira yatsa, sai na ji tafin hannu gaba ɗaya, a shimfiɗe, a tsakanin kafaɗuna. Wurin nan kaɗai ne a bayana kirci bai taɓa kamawa ba, ita ma ta fi kowa sani. Ba ta shafa ba, ta dai ajiye shi a nan, da nauyinsa da ɗuminsa. Muka daɗe a haka har Baffa ya yi gyaran murya daga zaure.

Ta tura wani ɗan ƙoƙo mai murfi ta gefena, ta ce wa rumbun, "Ruwan gulbi na busar da jiki. A riƙa shahwawa."

Ban taɓa yi mata tambaya kai tsaye ba a rayuwata. Na ce, "Adda, sau nawa?"

Na zaci rumbun za ta ba amsa. Sai ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Sau biyu, ɗiyata." Ta tashi da sauri ta shige madafa, na ji ta hau hura wutar da ke ci da kanta.

Na koma Kalgo. Masu shinkafa suka dawo, 'yan gaɗa suka ce in zo, na je sau ɗaya ban iya sakin jikina ba, ban sake zuwa ba. Kaka ta yi ƙoƙarin shafa mini kaɗen, hannunta na rawa, rabi a bayana rabi a tabarma, tana cewa an mai da mata ni 'yar gata. Daga baya na ce ta bari, na riƙa yi da kaina safe da yamma, iya inda na iya kaiwa. Da aka yanke shinkafa Adda ta zo ganin gida, ta gaisa da kowa, ta wuce ni kamar turmi, ni kuwa na bi ta da ido ban ji haushin kowa ba. Shekarar da ta biyo ba ta zo ba. A wurin haihuwa ta rasu, ita da abin da ke cikin, labari ya iso mana bayan an riga an yi sutura. Sunana dai ban taɓa jin sa a bakinta ba.

Yanzu irin wannan magani yana ko'ina, har da waɗanda suka fi shi ƙarfi. Jikata ta gado kircina, likita ya ce a shafa mata sau ɗaya ko sau biyu a rana, kaɗan-kaɗan, na ɗan lokaci, in ya kwanta a daina a ci gaba da mai. Uwarta takan so ta ƙara don ya yi saurin tafiya, ni ce mai hanawa, kuma ni ce mai shafa man, ba na bar wa kowa. In na gama da yarinyar ta ruga wasa, nakan zauna da sauran kaɗen a tafin hannuna. Ana kiran la'asar sai in ji wurin nan na tsakanin kafaɗuna yana jira. Na gwada ta sama, na gwada ta ƙasa, hannuna bai taɓa kaiwa can ba.